Kwamfuta Ta Cika da Muryar Marigayi

Hajiya Aina'u, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da ba ya gyaruwa. Manomin albasa ne ni a gefen dam ɗin Watari, kuma ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani. Shekaruna sun haura arba'in, karatuna sakandare.

Matata bazawara ce na aura. Mijinta na farko, Ja'afaru, malamin gona ne, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Bici, ya bar ta da jaririya. Kwamfutarsa ta cinya ta zo gidana tare da kayan ɗaki, ita kuma matar tawa ta ce in riƙa aiki da ita. Da ita nake aikin ƙungiya, a ciki kuma nake rubuta abin da ya faru kullum: ruwa, taki, tsutsa, abin da na faɗa wa mutane wanda daga baya na ga bai kamata ba.

To, yanzu kwamfutar ta ce sai an sabunta babbar manhajarta, in ba haka ba abin da ƙungiya ke aiki da shi ba zai buɗe ba, ga shi rani ya kusa. Na danna, ta ce babu wuri. Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Na goge hotunan biki da aka turo mini, na goge wa'azin da na sauke sau biyu, na zubar da kwandon sharar. Duk da haka bai isa ba. Da na bincika, sai na ga abin da ya cinye wurin folda ce guda: bidiyoyin Ja'afaru.

Na buɗe ɗaya, da ma ban buɗe ba. Yana tsaye a bakin rafi, ya zame ya faɗi cikin laka, matata ce ke riƙe da waya tana ɗauka. Hajiya, tana dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, tana kiran sunansa gatsau, Ja'afaru, babu sakaye. Ni kuwa tun da aka ɗaura mana aure Malam take ce mini. A da ina jin daɗin haka, ina ganin kunya ce da girmamawa, yadda iyayenmu mata suke yi. Yanzu in ta ce Malam, sai in ji kamar baƙo ne ni da aka shimfiɗa wa tabarma a zaure.

Har aunawa na yi, ki ga rashin aikin yi. Duk rubutun da na tara a kwamfutar nan bai kai nauyin wannan faɗuwa tasa guda ɗaya ba.

Ba ta taɓa yi mini laifi ba. Ban ma san ko tana kallonsu ba, ko da yake ran nan na dawo daga gona na tarar kwamfutar da ɗumi. Wataƙila rana ce ta buge ta, wataƙila ni ne nake ƙirƙira. Abin da ke tsorata ni shi ne ina da hujja a hannu. In na goge, zan ce sabuntawa ce ta cinye su, kuma za ta yarda, don ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Shin kishi da wanda ke kabari hauka ne? Yaya zan yi?

Mai Albasa, gefen Watari

Malam Mai Albasa, wa alaikumus salam. Ba hauka ba ne. Kishi ne, kuma wanda bai damu da mace ba ba ya yin sa. Amma ɗauke hannunka daga kan foldar nan.

Mu fara da na'ura, don ita ce mai sauƙi. Ranar kasuwa ka shiga Bici, ka sayi filas na ajiye bayanan kwamfuta mai girma guda biyu a shagon da ka amince da shi, don jabu sun yi yawa. Ka kwafe bidiyoyin a kan duka biyun, ka buɗe su ka tabbatar suna tashi. Sai bayan haka a cire na cikin kwamfutar, a zubar da shara, a sa caji ya cika, a sabunta. Ka kwafe rubutunka ma, shi ma yana da daraja. Rubutu ba ya cin wuri ne kawai, ba ma'aunin miji ba ne.

Sai dai kada ka yi ko ɗaya a ɓoye. A wasiƙarka ka ambaci jaririya sau ɗaya ka wuce. Kwamfutar nan daga gadon ubanta ta fito, kuma bidiyoyin nan su ne kaɗai inda za ta ji muryarsa. Kayan marainiya ne, kai amana aka ba ka. Ƙaryar da kake shirin yi kuwa, kai da ba ka yafe wa kanka ƙaramar magana, kullum za ka riƙa cin tuwo da ita.

Game da suna, ina ganin zafinka, amma ka duba nata ɓangaren. Da marigayin ta yi ƙuruciya, lokacin ba ta san mutuwa ba. Gidanka ta shigo da ɗiya a baya da tabo a zuci, tana taka-tsantsan kada ta ɓata. Ta miƙa maka abu mafi tsada da ya bari, ba ta ɓoye komai a ciki ba. Kai fa, ka taɓa ce mata kana son jin sunanka a bakinta? Ko a kwamfuta kake rubutawa?

Ka zaunar da ita, ka gaya mata wuri ya cika, ku kwafe tare. Filas ɗaya nata, ɗaya a ajiye wa yarinyar. Sannan ka faɗa mata abin da ka faɗa mini. Idan an gama sabuntawa za a sami wuri fal. Ka kai uwa da ɗiya gonar albasa, ka ba matarka waya ta riƙe. Laka ba ta ƙare a Watari ba.

Allah ya jiƙan Ja'afaru, ya sanyaya zuciyarka, ya ba da albasa mai albarka.

Hajiya Aina'u