Nonon Aisatu Ba Shi da Laifi

Garwa, farkon Afirilu, 1974

Zuwa ga maigida, Baban Mairamu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya zafin Bibemi, yaya fama da dabbobin mutane? Mu nan lafiya lau, Mairamu tana ta tambayar yaushe za ka zo.

Kwalbar nonon da ka aiko ɗakin gwajinmu na asibiti ta iso, tare da takardarka. Na karanta ta. Ka ce manomi Barthélemy ya mutu da ciwon ciki bayan ya sha nonon Aisatu a kasuwa. Ka ce ka shafa nonon a gilashi, ka rina, ka ga 'yan sanduna masu launin shunayya a madubin ƙara girma, saboda haka ciwon saifa ne, sharbon. Kuma tun kafin ka ji daga gare mu ka kai wa sufurefe, shugaban gunduma, magana, an tsare shanunta, an hana ta kasuwa.

Haba, Baban Mairamu! A benci ɗaya muka koyi wannan. Rini bai gaya maka komai ba sai cewa ƙwayar tana da kaurin bango, shi ya sa ta riƙe launi. Masu siffar sanda da ke riƙe launin nan dangi ne babba. A cikinsu akwai na saifa, akwai na mashaƙo, akwai mai sa haƙora su sarƙe, akwai kuma waɗanda ba su san komai ba sai tsamar da madara. In ba su, da wa zai yi kindirmo? Ka duba nono ka ga sanduna, me kake zaton za ka gani a ciki?

Na gwada da kaina. Sandunan nonon Aisatu sirara ne, ba su da riga irin ta ƙwayar saifa. Na ɗiga musu ruwan wanke ciwo, ba su yi kumfa ba. Na dumama su, suka mutu sarai, domin ba sa yin ƙwaya mai sulke. Na saifa kuwa kakkaura ne, bakinsu a datse, suna jeruwa kamar gaɓoɓin gora, kuma sulkensu yana shekara da shekaru a ƙasa bai mutu ba. Ka san wannan kamar yadda na sani.

Ka koma wurin sufurefe ka ce ka yi gaggawa. Sannan ka je gidan mamacin ka tambaya ko wata dabba ta faɗi.

Ka huta lafiya.
Matarka, Fadimatu

Garwa, tsakiyar Afirilu, 1974

Baban Mairamu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Allah Ya sa ciwon bayan nan ya sake ka. Mu muna nan kalau.

Amsarka ta zo, kuma da ba ta zo ba da ya fi. Ka ce maganar da ta riga ta shiga ofis ba ta komawa baya. Ka ce in rufa maka asiri, wai mace ba ta ƙaryata mijinta a gaban hukuma. To ka saurara.

An kawo mana Véronique, matar Barthélemy, da gyambo mai baƙin ɓawo a hannu, hannun ya kumbura har kafaɗa. Na ɗebi ruwan gyambon na duba. Ga su nan, kakkaura, a jere, kowace da rigarta. Saifa ce, ba shakka. Na zauna a bakin gadonta na tambaye ta da Fulatanci. Ta ce, "Ni ban taɓa shan nonon matar nan ba, nono ba ya zama a cikina. Sanmu na huɗa ne ya faɗi, jini baƙi yana fita ta hancinsa. Muka ce kada nama ya lalace. Ni na riƙe ƙafa, shi ya feɗe." Ta ce sun raba wa maƙwabta, fatar kuma tana nan a shanye a bayan gida.

Kana ji? Fatar tana nan! Inda jinin ya zuba ma yana nan, awaki suna kiwo a kai. Kai kuwa ka ɗaure shanun baiwar Allah a rana, garin duka yana kallon ƙwaryar nono, mutuwa tana rataye a kan danga. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, fiye da kuskuren farko. Kuskure kowa yana yi. Amma na nuna maka hanya, ka zaɓi girmanka.

Na kai wa babban likita sakamakon duka biyun, na sa hannu da sunana. Ya aika wa sufurefe da shugaban aikin dabbobi. Ina gaya maka da bakina ne don kada ka ji a bakin wani. Na san abin da wannan zai jawo maka, na kuma yi kuka kafin in miƙa. Amma ban iya kallon hannun Véronique in ce ban gani ba.

Tun kafin umarni ya iso ka, ka ƙone fatar nan, ka haƙa rami mai zurfi ka zuba farar ƙasa, ka bi gida gida ka nemo waɗanda suka ci naman. Ka sa safar hannu, don Allah. Fushi nake yi da kai, ba so nake in rasa ka ba.

Fadimatu

Garwa, Mayu, 1974

Baban Mairamu,

Ina gaishe ka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Véronique ta warke, allurar penisilin ta kama ta, an sallame ta. Maƙwabtansu biyu da ka turo su ma suna samun sauƙi.

Ko da yake ka daina rubuto mini, labari bai daina zuwa ba. Jacques direban motar asibiti ya ce an sako shanun Aisatu, amma biyu sun mutu a tsare saboda ƙishirwa, ɗaya da ciki. Ya ce ta koma kasuwa ta wuni, ba wanda ya ɗaga faifan ƙwaryarta. Hukuma ta wanke ta a takarda, amma mutanen kasuwa ba takarda suka ji ba, muryarka suka ji.

Ya kuma ce ran kasuwar da ta wuce ka je ka tsuguna a gabanta, ka sa ta zuba maka, ka shanye a idon jama'a, ka ɗaga murya ka ce kai ne ka yi kuskure. Ya ce da ka miƙe sai ta ce, "Shanuna fa?" Tambayar tana kanka, kuma ba zan bari ka manta ba.

Na ji za a mayar da kai Tignère. Mahaifiyarka ta zo har gida ta ce ni na kashe maka aiki. Na durƙusa na saurare ta har ta gama, ban ba ta haƙuri a kan abin da na yi ba, don ban yi nadama ba.

Ka biyo ta Garwa kafin ka wuce. Zan buɗe maka ƙofa, zan dafa maka abin da kake so, amma kada ka zaci magana ta ƙare. Karsanar da Baba ya ba ni tana rugar Kawu. Na aika a kai wa Aisatu. Ɗayar kuma kai za ka nemo.

Allah Ya kawo ka lafiya.
Matarka, Fadimatu