Wushiryar Bayan Tasha

Anti Rabi,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya Kawu da yara, ya sanyin Jos?

Anti, na yi abin da na kasa gaya wa Mama. Duk littafin soyayyar da na karanta, yarinyar tana da wushirya, shi ne na je bayan tashar Kafanchan wani mutum ya kankare mini tsakanin haƙoran gaba da ƙarfe. Kwana biyu ina murmushi a madubi. Yanzu ko iska ta shiga bakina sai na ji har ƙwaƙwalwa. Ina danna kanumfari, amma na dama ya yi baƙi, yau na hagu ya soma.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Umminki, amma kada ki faɗa mata inda mutumin yake. Ita ma ta ce tana so.

Taki,
Safiya