Lahadin da Ikilima Ta Riƙe Mini

Yelwa, Bauchi

Zuwa ga mahaifina, Baba Andrawus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar? Tunda kunnen nan naka ya ƙi waya, ga takarda ta hannun direban Bogoro. Maigidana Toma da yara suna gaishe ka. Keken hayarsa har yau yana wurin bakanike, ni ce dai riƙe da gidan.

Ka ce lallai in zo sujadar godiyar kaka, tunda bana ce ta farko babu Mama. Zan zo, amma ka ji halin da muke ciki a asibitin nan. Ɗan mai asibitin ya karɓi ragama, ya cire allon da ake rubuta mana lokutan aiki, ya kawo wata manhaja ta waya. Ita ke raba aiki, ita ke sanar da kowa. Ina cikin tuƙa tuwo sai waya ta yi ƙara, wai an mayar da ni aikin yamma. Fashi uku, ta sallami mutum, babu mai tambayarsa dalili. Kai, abin da haushi!

Ka tuna Ikilima, Bafulatanar unguwar Ɗan Iya da ta kawo man shanu ranar jana'izar Mama? Tun muna sababbin nas muke musanye. Ita ta riƙe mini Lahadi da Kirsimeti, ni in riƙe mata Sallah da yammacin azumi, ta je ta sha ruwa da marayunta. Yanzu wai sai mun nemi izini a manhajar. Na nema, ta ce a jira, har yau ana jira. Ikilima tana da fashi biyu a kanta, ba don lalaci ba, wayarta ce tsohuwa, saƙo sai ya kwana ya iso. Duk da haka ta ce in yi tafiyata, ranar hutunta ce, za ta tsaya mini.

Sai mun zo. 'Yarka, Roda.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Mun iso lafiya, an gode da dawar. Da na san abin da ke jirana, da ban taka ƙafata a mota ba.

Ranar Lahadin nan da nake tsaye kusa da kai muna waƙa, Ikilima tana ɗakin haihuwa a madadina. Ashe da hantsi manhajar ta sauya jeri, ta soke hutunta, ta tura ta ɗakin yara. Wayarta tana cikin jaka, tunda an hana mu shiga da waya wurin masu naƙuda. Ta karɓi haihuwa, ta wanke jarirai, ta yi aikina kaf har la'asar. Da ta fito ta duba waya, sai ta tarar an rubuta mata fashi na uku, an rufe sunanta. Matar da ta wuni a cikin asibitin, Baba, da jini a hannun rigarta, wai ba ta zo aiki ba!

Na je wurin manajan, ɗan mai asibitin, ina kuka. Ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce shi ba ya sa hannu a aikin manhaja, don kada a ce ya yi son kai. Da na matsa, ya ce hanya ɗaya ce. In tsaya gaban mai asibitin in faɗa da bakina cewa ni na sa ta musanye babu izini. To za a mayar da ita, ni kuma in ajiye musu rigarsu. Ya ba ni zuwa Litinin.

Ban gaya wa Toma ba. Na kalli jikarka Charity tana wanke kayan makarantarta, na kalli buhun da ka ba mu, na rasa inda zan sa kaina. Ikilima ma yara gare ta, kuma ita babu miji ko da mai zaman gida. Gaba kura, baya sayaki. Ka aiko mini da shawara in direban zai juyo.

'Yarka, Roda.

*

Baba,

Ina fata kana lafiya. Amsarka ta iso ranar Talata, na karanta. Ka ce ɗiyar Andrawus ba ta cin tuwo a kan hawayen wani. Ka makara, Baba.

Ranar Litinin na yi wanka, na sa rigata, na je har ƙofar ofishin. Na tsaya. Ina jin muryar mai asibitin a ciki. Ban shiga ba. Sai na juya na tafi ɗakin haihuwa na kama aiki kamar kowace rana. Babu wanda ya tsare ni, babu wanda ya tambaye ni. Da ma wani ya zage ni, da na ji sanyi.

Ikilima ba ta kira ni ba, ba ta kai ƙarata ko'ina ba. An ce ta saki ɗakin hayarta, za ta koma rugar yayyenta bayan Zungur, an cire yaran daga makaranta.

Jiya da yamma ta zo gidan nan sallama. Na hango ta ta taga, da ƙullin kaya a ka, tana riƙe da hannun autarta. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, na sa Charity ta ce ba na nan. Yarinyar da nake duka in ta yi ƙarya! Ina jin Ikilima tana shi mata albarka, tana cewa a gaya mini ta yafe, kada in sa abin a raina. Takalmana suna bakin ƙofa, Baba, ta gan su.

Kada ka sa rana da ni a Kirsimeti, ba zan iya haɗa ido da kai ba. Ka yi mini addu'a, ni na buɗe baki na kasa.

'Yarka, Roda.