Rufin Motar Kaka

Daren Laraba, tsakiyar damina

Yau munka tafi Madawa da Kaka Illa neman sabon rufin tanti ga tsohuwar motarshi, wadda ake naɗe samanta baya. Awaki sun cinye na da. Tari bai bar shi ba duk hanya.

Maɗinki ya shimfiɗa muna iri biyu. Baƙin na da kauri amma shina tara zafi, mai ruwan ƙasa kuwa akwai sanyi, sai dai rana na cinye shi da wuri.

Na yi mishi wasan jika da na saba: "Tsoho, ɗauki mai sanyin, kai da ka kusa tafiya! Motar da matarka duk ni za ni gada."

Kullum sanda yake ɗaga min, ya ce, "Ja'iri, ni za ni binne ka." Yau sai ya shafa baƙin, ya ce wa maɗinki, "Ɗinka mai daɗewa. Yaron ga ba ya tattalin kaya."

Har munka iso gida Buza ina tsokanarshi, ko zai zage ni. Bai zage ni ba. Ga tarinshi nan ina ji ta bayan katanga.