Ajin Girkanci a Bakin Teku

Zuwa ga Yayata Bulelwa,

Gaisuwa mai yawa daga Cape Town. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara, ya kuma sassauta miki gajiyar aikin asibiti a can Ingila. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma zuwa coci da kansa.

Yaya, saura ƙiris a rufe ajina. Kin san tun ina budurwa nake bin tsofaffin masanan Girka, ina tono abin da suka faɗa kan mata da bayi da launin fata. To bana ɗalibai suka tayar da ƙayar baya, wai a kwashe littattafan matattun Turawa daga manhaja. Jami'a ta ce in ajin bai cika ba, shi ke nan. Ranar farko kusan kujeru na yi wa karatu.

Sai na kwashi 'yan kaɗan ɗin da suka zo muka tafi bakin teku. Gajimare ya kwanta a kan dutse kamar mayafi, ina karanta Girkancin da ƙarfi, ruwa yana amsa mini. Can na ji kamar ga matan birnin Atina na Girka nan ɗauke da tuluna, su da bayin da ba wanda ya rubuta sunayensu, sun dakata a gefenmu suna saurare. Da na fassara inda wani masani ya ce hankalin mace da na bawa bai cika ba, wata ɗaliba mai kaifin baki, Zimkhitha, ta ce ai da ni tsohon nan yake, ni kuwa ina ta lallaɓa shi sai ka ce surukina. Na ce gaskiyarta, amma in an ƙona littafinsa ya tsira ke nan, ba mai tsare shi da tambaya. Ta daɗe tana zane a yashi da yatsa, sannan ta ce in koya mata haruffan Girkancin, tana da magana da shi.

Da mako ya zagayo ta zo da ƙawayenta, har wasu a ƙasa suka zauna. An bar mini ajina, Yaya. Da na ba Mama labari tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce in gaya wa Bagirken nan ya zo unguwarmu ta Gugulethu ya maimaita a gabanta.

Ki gaida maigidanki Yaya Lungisa, da Anathi da ɗan autanki Luvo.

Ƙanwarki mai kewarki,
Nolitha