Zanen da ke Damtsen Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ban da hannun da ka ɓata da kanka. Allah ya ba ka sauƙi, ya ƙara maka hankali, don shi ne ya yi ƙaranci. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta saki, Yaya Babba ta koma aiki, ni kuma ina nan kan keken ɗinkina.

Na ga hoton da ka turo. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ka zagi kawai zai fito. Ka je an yi maka zane da allura a damtse, wannan ɗaya ke nan. Sai tsoron Mama ya kama ka, ka koma kana goga masa lemun tsami da man bilicin wai ya goge, ka rufe shi da riga mai matse hannu, ka yini gaban wuta a gidan burodi. Wa ya gaya maka tawadar da aka cusa cikin fata tana fita da guga? Rigar makaranta ce?

Ka ce takardar da mai zanen ya ba ka ta ce a damu idan wurin ya yi ja, kai kuma naka bai yi ba. Ja a fatar wa? Na nemo irin takardun nan har uku na karanta, hotunan duk na fararen fata ne. A jikinmu ciwo ba ya nuna ja sosai. Duhu yake ƙarawa, ya yi zafi, ya kumbura, ya yi ƙyalli. Duk na gani a hotonka, har da ruwan da ke tsattsafowa a gefe. Na nuna wa nas ɗin da nake yi wa ɗinki, ta ce asibiti gobe, ba jibi ba, in kuma zazzaɓi ya zo kada ka jira goben ma.

Kafin nan ka jefar da man. Safe da yamma ka wanke hannunka tukuna, sannan ka wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, ka dangwale shi da tsumma mai tsabta. Dangwalawa na ce, ba murza ba. Ka sa riga mai faɗi, ban da rana, ban da susa, ɓawon da ya taso ka bar shi ya faɗi da kansa. Ka roƙi maigidanka ya matsar da kai daga wutar nan.

Ka manta ƙeyata? Kuskuren aska ɗaya mai aski ya yi, shekara shida ke nan tabon ya tashi kamar ɗan yatsa, har yau yana ƙaiƙayi. Fatar gidanmu ke nan, tabo ba ya kwanciya. Kai kuma ka samu damtse guda kana kankarewa.

Na gaya wa Mama. Yi fushinka, ba komai. Ta tambaye ni ko kana iya ɗaga hannun. Ta ce faɗa kam ta tanadar maka, ba ragi, amma sai ka warke, don tana so ta riƙe hannun nan lokacin da take yi.

Mama da Yaya Babba da Kawu suna gaishe ka. Ka gaida Goggo da maigidanta, tunda a gidansu kake. Ka nuna mata hannun yau ta raka ka. Ɓoyon ya ƙare.

Yayanka,
Tela