Ƙaramar jitar da na zaɓa

Yaya Bulus,

Ka gafarce ni da damunka. Ina fatan kana lafiya, da Maman Rifkatu da yara.

Mawaƙan cocinmu sun wakilta ni in sayo jita a Funtua. Ka ce in sayi babba, amma na bi wata ƙasida da ta yabi ƙarama saboda sauƙin goyo a babur, na sayo ƙaramar. Ranar godiyar kaka a Maska, da matan zumunta suka soma buga tulunansu na kiɗa, sautin jitar ya ɓace. Ina kaɗawa da iyakar ƙarfina, gumi na zuba, sai wata tsohuwa ta waiwayo ta ce, "Malam Yohanna, ka fara ne, ko mu jira ka?"

Tun ranar ban koma gwajin waƙa ba.

Ina jiran amsarka a rubuce:

1. Za ka ara mana babbar jitarka kafin Kirsimeti?
2. Ka taya ni addu'a in iya fuskantar mawaƙan.

Ƙaninka,
Yohanna